Hannun Barira

A Ɗorawa Uku, wani ƙauye da ke bayan Zakirai, idan aka ce "hannu" aka yi shiru, to hannun Inna Barira ake nufi. Shekara talatin da ɗoriya ke nan babu suna, babu walimar sauka, babu gayyar noma da za a yi ba a kai mata gero ta yi fura ba. Gero dai gero ne, citta da kanumfari kuma kowa a kasuwa ɗaya yake saye, amma sai mata su yi tasu ta fito kamar ƙasar yaɓe, ita ta yi tata a sha har a kankare ƙwarya. An tambaye ta sirrin ya fi sau ɗari, ta ce babu wani sirri, hannu ne. Ta ma fi masu tambayar yarda da maganar. Shi ya sa takan bar mata su taya ta surfe da kirɓi, amma idan aka zo cura, ba ta taɓa barin hannun wata ya shiga ƙwaryarta ba.

In za a faɗi gaskiya kuwa, rabin sunan nan na Furera ne, mai nono, wadda take tasowa daga rugarsu ta hayin rafi kullum da sassafe da ƙwarya a ka. Shekara ashirin Barira ba ta dama fura da nonon kowa ba sai nata. Ba za a ce ƙawaye ba ne, don ba wadda ta taɓa zuwa wa wata biki. Abin da ke tsakaninsu shi ne kullum Barira sai ta ɗanɗana ta ce nonon ya yi ruwa, Furera kuma ta ce harshen Barira ne ya tsufa. Wannan ita ce gaisuwarsu, kuma ba su taɓa fashin ta ba.

Ana saura kwana biyar gayyar ɗanta Naziru, wanda ya gayyaci mutum arba'in su yi masa maimai a babbar gonar dawa, ƙayar aduwa ta soki Barira a babban yatsan dama tana karya itace. Ta sa allura ta cire, ta manta. Yatsa bai manta ba. Kwana biyu ya kumbura, ya yi sheƙi, ya tara ruwa, yana zogi har cikin hammata. Barira ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi wa ƙurji, ta kwaɓa lalle ta ɗaura masa don ya bushe. Sai ta lura lalle a yatsa ɗaya tambaya yake jawowa, don haka ta bi sauran tara ta ƙunsa musu su ma.

Abin da ta guje wa ta wata ƙofa sai ya shigo ta wata. Tsohuwa mai shekara sittin, mijinta ya rasu shekara tara, ta yi ƙunshi tsakiyar damina babu biki babu salla. Matan unguwa suka sa ta gaba, wai wane dattijo ne ya yi sa'a, kuma yaushe za a raba goro. Barira ta bar su suka yi ta dariya, don gara a ce tana son aure da a ce hannunta ya yi ciwo.

Furar mutum arba'in ba aikin safiya ɗaya ba ne, don haka tun jajiberi aka fara. Mata suka surfa, aka kai inji, aka dafa, aka kirɓa, da la'asar aka tura mata turmi gabanta aka ja gefe kamar yadda aka saba. Tana cikin cura, wajen dunƙule na ashirin, ƙurjin ya fashe. Wani sanyi ta ji, irin wanda ta kwana huɗu tana nema. Ta waiga, babu mai kallonta, ta goge yatsan da gefen zane, ta barbaɗa masa gari, ta ci gaba. Ba mugunta ba ce, wallahi, ko kusa. A ganinta, idan ta tashi ta ce wata ta ƙarasa, an sha furar wata ke nan da sunanta, kuma gobe a ce hannun ya fara gajiya.

Da can a ƙwarya take jera fura ta rufe da faifai, iska na shiga tana fita. Bana kuwa tana da wata ƙatuwar kula mai murfi da 'yarta ta kawo mata daga birni, wadda ƙuda ba ya shiga, abinci kuma ba ya hucewa. Nan ta jera furar da ɗuminta ta danne murfi. Da ta buɗe da asuba, ɗumin na nan kamar ƙarƙashin kaza mai kwanci. Ta shinshina, ƙamshin citta ne kawai. Duk da haka zuciyarta ta ɗan sosa mata game da yatsan, sai ta ɗora madambaci ta sake turara furar gaba ɗaya har tururi ya cika tsakar gida. Abin da ya shiga wuta ai ya tsarkaka, kowa ya san wannan. Ta sauke, hankalinta ya kwanta.

Furera ta iso da ƙwarya biyu. Tana sauke kaya idonta ya tsaya a hannun Barira, ya ɗan daɗe a can.

"Lalle ya kama," in ji ta.

Barira ta ɗanɗana nono ta ce ya yi ruwa. Furera ta ce harshe ne ya tsufa, ta naɗe gammonta ta tafi.

Da hantsi aka kai fura gona. Aka ajiye fartanya, aka zauna gindin ɗorawa, ludayi ya zaga. Mai unguwa Mani, wanda ba noma ya zo yi ba, albarka ya zo sa wa, shi ya fi kowa sha, yana sha yana cewa wannan hannu Allah Ya bar mana shi. Aka koma aiki, ganga na tashi, ana ta rige-rigen kai ƙarshen kunya.

Kafin azahar ganga ta yi shiru. Makaɗin ne ya fara, ya rataye gangarsa a reshe cikin natsuwa ya nufi bakin gona da sauri-sauri. Ba a gama yi masa dariya ba mutum biyu suka bi bayansa, sai biyar, sai kuma aka daina ƙirga. Amai ne da murɗar ciki da abin da ke biyo bayansu. Ga shi lokacin maimai ne, dawa ko gwiwa ba ta gama kaiwa ba, ba ta isa ta rufa wa mai tsugune asiri ba. Haka magidanta masu 'ya'ya da jikoki suka watsu a fili, kowa ya kafa ido a sama don kada su haɗa ido da surukinsa. Mutum uku ne kaɗai suka rage a tsaye, su ne malalatan da suka makara suka tarar an shanye fura. Su suka yi ta jigilar mutane a amalanke, kuma har yau ba su daina ba da labarin ba.

Ana cikin wannan hali Raudatu ta sauka daga kan babur. Ita ce 'yar farin Barira, mai kular nan, ta zo ne ta ga gayyar ƙaninta. Shekararta uku tana wani bincike a jami'a a birni, wanda Barira ta taƙaita shi da cewa mutane na kiwon awaki, ita tana kiwon cuta a faranti, har abinci take dafa mata. Da yake 'yar fari ce, a hannun kaka ta tashi, kuma Barira ba ta taɓa kama sunanta ba. Ko magana ta kama, sai ta dubi bango ko tukunya ta ce a gaya wa 'yar birni kaza, ko da kuwa daga ita sai ita a ɗakin.

Raudatu ta taya haɗa ruwan gishiri da sukari, ta sa aka kai mai unguwa asibiti don ƙarin ruwa, shi da ya fi kowa sha. Sannan ta shiga madafa ta tarar da dunƙule biyu a gindin kula, da sauran nono a ƙwarya ta biyu wanda fura ba ta taɓa ba. Ta ɗebi kowanne a kwalba daban, ta aika Zakirai aka sayo ƙanƙara ta jera su ciki. Barira na daga bakin murhu tana kallo, hannunta na dama a cikin mayafi. Ta ce a gaya wa 'yar birni in yunwa take ji akwai tuwo. Raudatu ta ce ta ƙoshi.

Babu wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Washegari kowa ya miƙe, an dai rame a ido. Amma a ƙauye ciwon ciki ne yake wucewa, tambaya ba ta wucewa. Aka zauna ƙofar masallaci aka auna magana, kuma ba ta yi wuyar aunawa ba. Abu biyu ne a ƙwaryar nan. Ɗaya ya shiga wuta har sau biyu, kuma hannun da aka sani shekara talatin ne ya yi shi. Ɗayan bai ga wuta ba, daga daji ya fito. Nan take wani ya tuna bara saniyar su Furera ta mutu ba a san dalili ba. Wani ya ce shi ya taɓa ganin ta da jarka mai kama da ta maganin feshi. Wanda bai ga komai ba ma ya ce dama shi ya daɗe yana zargi.

Mai unguwa Mani, da auduga manne a hannu inda aka sa masa ruwa, ya aika a tambayi Barira ko tana da ta cewa. Ta ce ita dai furarta ta shiga wuta sau biyu. Ba ƙarya ta yi ba, kuma wannan ne ya fi ci mata rai daga baya, don da ƙarya ta yi da ta san istigfarin da za ta yi. A ranar aka aika hayin rafi cewa kada Furera ta ƙara shigowa Ɗorawa Uku da ƙwarya.

Labari ba ya jiran mota. Kafin mako ya zagayo, ƙauyukan kewaye duk sun ji, har da ƙari, a wani wajen ma an ce mutum bakwai sun mutu. Daga bayan gidan Barira ana hango hanyar da ta zaga ƙauyen ta nufi Zakirai. Kullum da safe sai ta ga Furera ta bi ta can da ƙwarya, da azahar kuma ta ga ta dawo. Wanda ya saba ganin mai talla ya san tafiyar wadda ta sayar da ta wadda ba ta sayar ba, wuya ne yake nunawa. Wuyan Furera a sandare yake dawowa. Barira ta san jikoki biyar ne a rugar nan suke ci daga ƙwaryar, don ta sha jin sunayensu tsakanin nono ya yi ruwa da harshe ya tsufa.

Ita kuwa sai ma daraja ta ƙaru. Mata na shigowa yi mata jaje, wai an so a ɓata mata suna Allah bai nufa ba. Tana amsawa da to, da madalla, abinci kuwa ya daina wuce mata. Yatsan ma ya ƙi ba ta haɗin kai, yau ya rufe, jibi ya buɗe, ita kuma tana ta sabunta lalle har mata suka gaji da tsokana.

Ran kwana na goma sha biyu Raudatu ta dawo. Ta jira matar Naziru ta fita unguwa, ta shiga ɗakin uwar ta zauna a bakin tabarma, can nesa kamar baƙuwa. Ta fito da waya ta ajiye tsakaninsu. Hoto ne baƙi, da wasu 'yan layuka masu haske a jere. Barira ta dube shi ta ce a gaya wa 'yar birni ita ba ta iya karatun boko ba, balle na aljanu.

Raudatu ta yi bayani a hankali, tana kallon tabarma. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta mai dogon suna, su a wajen aiki sitaf suke ce mata. Ba baƙuwa ba ce, tana zaune a fatar mutane da cikin hanci, ita ce kuma take tara ruwa a ƙurji da maruru. Yawancinta ba ta da wata illa a abinci. Amma kamar rogo ne, akwai mai daɗi akwai mai kashe akuya, kuma a ido duk ɗaya suke. Wata tana ɗauke da wani tambari a cikin halittarta, gadonsa take yi daga uwarta ta ba 'ya'yanta, kuma mai wannan tambarin idan ta samu abinci mai ɗumi ta kwana a ciki, dafi take zubawa, ba wari ba ɗaci. Aikinta na shekara uku shi ne neman tambarin. Akwai na'urar da take kwafe shi ta yi ta ninkawa har ya fito a hoto. Ta nuna layi na farko, mai haske, ta ce fura ke nan. Ta nuna gurbi na biyu, wayam, ta ce nono ke nan.

Barira ta dubi bango.

"A gaya mata furar nan ta shiga wuta sau biyu."

"Ta shiga, Inna. Wutar ta kashe ƙwayar, na shuka a faranti ko ɗaya ba ta tsiro ba. Gawarta na samu da tambarin a jiki. Amma shi dafin tafasa ba ta karya shi. Kunama ce aka kashe bayan ta yi harbi."

Wata akuya ta yi kuka a waje. Raudatu ta ce ita ma da nata kason, don kular da ta kawo ce ta yi wa ƙwayar ɗaki mai ɗumi har gari ya waye, da a ƙwarya da faifai ne da wataƙila abin bai kai haka ba. Saura abu ɗaya, daga ina ta shiga. Bayan dahuwar farko ne, wannan babu shakka, daga jikin wanda ya taɓa furar. Ba ta ce wa ya taɓa ba. Duk Ɗorawa Uku babu yaron da bai san amsar ba. Ta buɗe jaka ta ciro wani tsinke mai auduga a kai, a cikin ledarsa, ta ajiye kusa da wayar. Ta ce babu wanda ya san wannan magana sai ita, a takardarta kuma lamba ake rubutawa ba suna ba, in Inna ta so shi ke nan an rufe. Duk tsawon bayanin nan ko sau ɗaya ba ta kalli mayafin da hannun ke ciki ba, kuma rashin kallon ya fi kallo ciwo.

Barira ta fusata, irin fushin wanda aka kama. Ta ce a gaya wa 'yar birni hannun nan ne ya kai ta makarantar da ta koyo tonon asiri. Raudatu ta ce ta sani. Barira ta ce a gaya mata mutum ya fi dubu da ya sha daga hannun nan bai ko yi gyatsa ba. Raudatu ta ce wannan ma ta sani. Da Barira ta ga babu wanda za ta yi faɗa da shi, sai ta sassauta. Can ta zaro hannun ta miƙa, fuskarta na kallon ƙofa.

Raudatu ta matso ta riƙe. Rabon da hannun nan ya taɓa nata, ita kam ba ta iya tunawa ba. Ta kankare lallen a hankali, ta goga tsinken, ta wanke wurin da ruwan ɗumi da gishiri, ta ɗaure da bandeji fari, ta ce gobe sai an je asibiti an duba shi. Ta gama amma ba ta saki ba, Barira kuma ba ta janye ba. Sai da akuyar nan ta tura kai cikin ɗaki aka samu dalilin tashi.

Bayan kwana biyar hoto ya shigo wayar Naziru, da saƙon a nuna wa Inna. Gurbi uku ne yanzu, na farko da na uku layinsu a wuri ɗaya kamar an auna da igiya, na tsakiya wayam. Naziru ya juya wayar sama da ƙasa ya tambaya mene ne wannan. Barira ta ce zanen atamfa ne yayarsa take son a zaɓa mata.

Kada a yi mata ƙarya a ce nan take ta tashi. Kwana biyu ta ƙara tana zaune a kan maganar, tana gaya wa kanta cewa mutane mantuwa gare su, kaka na zuwa za a sake kiran Furera. Rana ta uku sai ga matar mai unguwa da kanta, da ƙwarya cike da gero, an yi musu jika za a yi suna. Ta ajiye tana ta zuba, wai mai unguwa ya ce in ba hannun Barira ba a fasa furar, nono kuma madarar gari za a kwaɓa, don waccan muguwar ko a hanya aka gamu da ita a canza hanya. Ta ce jiya ma an ga ta zubar da ƙwarya guda a bakin rafi don babu mai saye, alhakin bayin Allah ne yake bin ta.

Barira ta raka ta ƙofa. Ta dawo ta tsaya kan geron, mai kyau ne, tas da shi babu ko ƙaiƙayi. Sai ta ɗauki mayafi.

Bayan la'asar ne, dattawa na zaune ƙofar masallaci. Mace ba ta saba tsayawa a nan ba, don haka tun daga nesa hira ta mutu. Ta durƙusa gefe ta gaishe su, ta warware bandejin ta ɗaga yatsan sama yadda kowa zai gani. Ta faɗi komai a jere, ƙaya, lalle, fashewar ƙurji, kula, turare, da abin da na'ura ta gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma rage komai ba.

Dattawa suka leƙa yatsan ɗaya bayan ɗaya. Ya riga ya fara warkewa, ɗan abu ne kamar ƙwayar wake. Mai unguwa Mani ya dube shi, ya dubi tabon allurar da ke hannunsa, ya tambaya ko wannan ɗan abin ne ya kwantar da magidanta talatin da bakwai. Barira ta ce shi ne. Ya ce to wutar fa? Ta ba shi labarin kunama. Liman ya ce lalle ilmi kogi ne. Wanda ya ga jarkar maganin feshi ya tuna yana da awaki a daji. Aka ce Allah Ya kiyaye gaba, ita ma ƙaddara ce, kuma a aika wa Furera ta ci gaba da shigowa. Babu wanda ya ce a ba ta haƙuri, wannan bai zo wa kowa a rai ba.

Kafin magariba aka aiko daga gidan mai unguwa a karɓi geron, wai an ga kamar ba a gama sheƙe shi ba. Barira ta miƙa. Ta san gero ba zai dawo ba, ba wannan kaɗai ba har na sauran gidaje, kuma ta ji zafin abin har cikin ƙashinta. Shekara talatin da ɗoriya, ga shi an ɗauke a ƙwarya ɗaya an fita da shi ta zaure.

Da safe ta ce a bar aiken, ita za ta je. Ta tattare zane ta haye rafi, karo na farko a rayuwarta. Ta tarar da Furera tsugune tana tatsa. Shanu na gefe guda, saniya ɗaya ja an ɗaure ta daban a turke, ita ce Furera take tatsa, amma babu ƙwarya a ƙasa, madarar a turɓaya take zuba. Suka gaisa kamar jiya suka rabu. Barira, da ta shirya magana tun daga gida, sai ta ji bakinta ya tambayi dalilin wannan ɓarna.

Furera ta ce hantsar saniyar ce ta yi ƙurji. Sai an tatse don kada ta kumbura, amma har ta warke nononta ba ya shiga ƙwarya, haka suka taras ana yi. Ta faɗa ba tare da ta ɗago ba.

Barira ta samu dutse ta zauna. Ta fara bayanin jiya, ta kai wajen lalle, Furera ta tare ta.

"Na gani tun ranar. Ai na ce miki lalle ya kama."

"To me ya hana ki faɗa, da aka kore ki?"

"In faɗa wa wa? Hannunki ne fa. Ni ma shekara ashirin a bayansa nake cin abinci."

Ta tashi ta wanke hannu da sabulu, ta shiga bukka ta fito da kindirmo a ƙaramar ƙwarya da ludayi a kai, ta ajiye gaban baƙuwa. Barira ta ɗiba ta kai baki. Furera ta tsaya riƙe da ƙugu tana jira. Ta jira, ta jira.

"Ba ki ce ya yi ruwa ba."

Barira ta ajiye ludayin. Idonta ya kawo ruwa, ta bar shi.

"Bai taɓa yin ruwa ba, Furera."

Furera ta dube ta jim kaɗan, ta ce to a shanye kafin ƙuda su gane hanya. Sannan ta koma gindin jar saniyar ta tsuguna, ta ci gaba da tatsa a ƙasa.